Ɗigo Uku a Murfin Kwamfuta

Kaka ce, lokacin cirar gyaɗa, a shekarar da ruwa ya ɗauke mana da wuri. Sai ka tuge gindi ka ga ganye shar, ka kakkaɓe ƙasa, ka tarar rabin ƙwanson babu komai a ciki. A Karaye mutane sun rage tsawon gaisuwa. In an ce ya amfanin gona, sai a ce an gode Allah, a yi shiru, kowa ya kama hanyarsa. Ni kuwa ko ta gonar ban samu na yi ba, domin a cikin wannan kakar mijin 'yata ya rasu.

Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki ce. Ya je Rogo ya ɗauki wani biki na kwana uku, yana dawowa a kan babur mota ta ture shi. Ko asibiti bai kai ba. Kwamfutarsa da ke cikin jakar baya ta ragargaje, aka kawo mana ita a leda. Kyamarar ce ta tsira, da ɗan katin da hotunan bikin suke ciki, abu ƙanƙane kamar farcen babban yatsa. Danginsa mutanen kirki ne, suka ce kyamarar ta zauna a hannun matarsa a rabon marainiyar da ya bari, wadda lokacin ko yaye ba a yi mata ba.

Ɗakin haya suke zaune, gidan kuma duk maza ne, saboda haka aka yarda ta yi takabarta a wajena. Ita ce 'yata ta fari. Ba na kiran sunanta, ban taɓa zama na yi mata wasa a gaban mutane ba, haka muka tashi muka gani. In zan yi mata magana sai in ce ke, ko 'yar nan. Ga shi yanzu an dawo mini da ita da baƙin hijabi, tana zaune a bakin gado ba ta ci ba ta magana, ni kuma ban san ta inda ake fara lallashin 'yar fari ba. Sai dai in dama mata kunu in ajiye in fita.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, rabin aikin marigayin ita take yi. Shi yake ɗauka, ita take tacewa. Tacewa ita ce a zauna gaban kwamfuta a yanke inda hoto ya girgiza da inda wata ta gifta da tire, a jera kamu da walima da kai amarya kowanne a wurinsa, a sa rubutu da sauti, har ya zama abin da za a zauna a kalla. Shekara uku tana yi a ɗaki, shi yana karɓar yabo a waje, ita kuma hakan bai taɓa damunta ba.

Bayan sadakar arba'in uwar amaryar Rogo ta zo. Mace ce mai jiki, mai murya, irin waɗanda ake jin isowarsu tun daga zaure. Ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, ta yi addu'a mai tsawo, ta sha ruwa. Sannan ta gyara mayafi.

“Wallahi kunya nake ji, Yaya. Amma yarinyar nan ta ishe ni. Kullum waya, Umma bidiyona, Umma bidiyona. Na ce ke, wanda ya ɗauka yana kabari, ki ji tsoron Allah. Ta ce ai ba da katin aka binne shi ba. Kin ji 'ya'yan yanzu.”

Sai na ji murya daga cikin ɗaki, muryar da na kwana biyu ban ji ta da ƙarfi haka ba.

“Hajiya, zan gama muku shi.”

“Wa? Ke?”

“Ni. Na yayarta da aka yi bara, wanda kika ce har Kaduna an kai an kalla, ni na tace shi.”

Matar ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta tafa hannu ta ce ikon Allah, ashe da malamar a ɗaki. Ta ce in dai haka ne ta ba mu wata guda, kuma in ya yi kyau, bikin 'yar ƙanwarta yana nan bayan sallah, mace suke nema ma, sun gaji da gardawa suna shigar musu ɗakin amarya da kyamara.

Da ta tafi 'yata ta fito tsakar gida, karon farko da rana tsaka. Ta zauna kusa da inda nake murza ƙuli-ƙuli, sana'ata ke nan tun ina amarya. Ta ce, “Inna, in na gama musu wannan, za a san ni nake yi. Aiki zai zo. Zan riƙe kaina, in riƙe yarinyar nan.”

Na ce, “In ba ki gama ba fa?”

“Shi ke nan. Sai a ce matar mai bidiyo ce ta yi ƙarya.”

Kwamfuta kawai ta rasa. Na sayar da awakina biyu da ɗan abin da gyaɗar ta bayar, ita kuma ta ciro 'yan kunnenta na aure, tunda dama mai takaba ba ta ado. Abin bai taka kara ya karya ba, amma ta ce zai isa in an san abin da za a saya. Ta kwana uku tana dube-dube a waya tana tambayar abokan sana'ar mijinta. Ita ba ta fita sai takaba ta cika, ga wata guda aka ba mu. Ni ce zan je Kano.

Ta yage takarda daga littafi ta yi rubutu manya-manya saboda ni. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina karatu amma a hankali, ina bi da yatsa. Ta sa na karanta mata sau biyu. Layi huɗu ne. Na fari sunan injin cikinta, na biyu ƙarfin ƙwaƙwalwarta ya kai sha shida, na uku a tabbata tana da katin hoto nata na daban, wato ɗan injin da ke tafiyar da hoto a cikinta, ba irin katin kyamara ba, na huɗu cikinta ya zama mai faɗi.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce hoton kyamarar nan mai nauyi ne, irin garau ɗin nan da ake ganin zaren mayafi. Mai tacewa kuma dole tana yanka tana gani nan take, hoto yana tafiya baki yana tafiya tare da magana. In kwamfutar ba ta da ƙarfi, sai ta riƙa tsayawa tana numfashi, ba za ka san inda za ka yanka ba.

“Inna, kuɗinmu ba zai sayi sabuwa mai wannan ƙarfin ba. Ta hannu za a ba ki. Ko ta yi muni, ko ta yi nauyi, in dai abin da ke takardar nan yana cikinta, ki karɓo. Kar ki dubi fuska.”

Na ce to. Na tuna sarai na ce to.

Na shiga motar farko. A kasuwar kwamfutocin sai da kaina ya juya, yara suna ta jan mayafina, Mama zo nan, Hajiya me za a kawo. Na samu shagon da wani abokin marigayin ya kwatanta. Mai shagon mutum ne mai 'yar furfura a gemu, ya ba ni kujera, ya karɓi takardar ya karanta ya yi murmushi.

“Mama, wa ya rubuta wannan? Ya san abin da yake yi.”

“'Yata ce.”

“To Allah ya yi mata albarka. Ɗazu wani ɗan jami'a ya zo, launi kawai ya tambaye ni.”

Ya shiga ciki ya fito da wata baƙa, mai kauri, ya ajiye a kan tebur har teburin ya amsa. Gefenta ɗaya a fashe, an manne da gam. Harufa uku sun goge tas saboda dannawa. A murfin akwai sauran wata takarda da aka ɓamɓare ba ta fita duka ba. Da ya kunna, sai ta fara huci ta gefe kamar injin markaɗe daga nesa. Ya nuna mini a allo, layi bayan layi, duk abin da ke takardar yana nan. Har sha shidan na gani da idona, na bi da yatsa.

Na ce, “Wa ya yi amfani da ita?”

“Wa ya sani, Mama? Daga ƙasar waje ake kawo su buhu-buhu. Wata ta ofis ce, wata mai ita ya gaji da ita.”

“Wata kuma mai ita ya mutu.”

Ya ɗan dube ni. Ya ce, “Zai yiwu.”

Idona ya kai kan kanta a bayansa. Kwalaye ne a jere, farare, a liƙe. Na tambaya, ya sauko da ɗaya ya nuna mini irinta da ke buɗe ta talla. Siririya, launin azurfa, ba ta da nauyin faranti. Babu tabo ko ɗaya. Kuɗinsu kusan ɗaya ne da baƙar.

“Wannan fa?”

“Sabuwa ce dal. Amma ba abin da takarda ta ce ba ne. Ƙwaƙwalwarta huɗu, ba ta da katin hoto, cikinta ɗan kaɗan. Mama, waccan tsohuwar tirela ce, wannan sabon keke ne.”

“Ba ta bidiyo?”

“Tana nunawa.”

“Ba za ta yi aikin ba sam?”

Ya sosa gemu. Ina jin ya gaji da ni, ga wasu suna jira a tsaye. Ya ce, “To, za ta yi, in an yi haƙuri da ita.”

Ba zan ɗora masa laifi ba, mutumin ya faɗa mini gaskiya. Amma kalmar nan ta ƙarshe ita na riƙe. Na ce a raina, in dai haƙuri ne, ai shi muka fi kowa.

Abin da ke zuciyata a kan kujerar nan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa. Yarinyar nan tun da na haife ta ban taɓa saya mata abu sabo a kwali ba. Kayan makarantarta na 'yar wana ne aka rage. Gadon aurenta na hannu ne, aka sake masa fenti. Rabin kwanukan jerenta nawa ne na wanke na ba ta. Ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa cewa komai ba. Yanzu tana zaune a ɗakina cikin baƙin kaya, an kawo mata kwamfutar mijinta a farfashe cikin leda, ni kuma in shigo mata da wata fasasshiyar, mai ɗauke da zufar yatsun wani da ban san ko yana raye ba? Na ga kamar in na miƙa mata farin kwalin nan, zai faɗa mata abin da bakina ba ya iya faɗa.

Na ce a ba ni sabuwar. Ya tambaye ni sau biyu. Ya ce to, in ba ta yi ba, in dawo da ita cikin mako, yadda take, ko ƙwarzane kar ta samu.

A mota na ɗora kwalin a cinya na rungume. Wata mata 'yar Daura ta nan wajenmu, da ke kusa da ni, ta ce, “Iye, Inna za a shiga jami'a ke nan?” Aka yi dariya. Na ce ta 'yata ce. Ta shafa kwalin ta ce sabuwa fil, Allah ya sa a kashe lafiya. Rabon da in ji daɗi irin na wannan tafiyar har na manta.

Na iso da la'asar. 'Yata tana bayan ɗaki tana yi wa yarinya wanka, wuta tana ci a murhu. A nan na yi abu na biyu.

Mu a nan, duk abin da mace ta mallaka wanda zai fita daga gida, sai ta yi masa alama. Kwanon da za a kai gidan biki, tire, bokiti, har ludayi, in ba haka ba sun bi na wasu sun tafi. Wata fenti take sawa, wata zare take ɗaurawa. Ni tawa ɗigo uku ce, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu, tun kafin in iya rubuta harafi ɗaya. A kwanon ƙarfe da fenti nake yi, a roba kuma sai in gasa ƙusa in ɗiga. Na yi tunani, abin nan za a riƙa kai ta shagon caji inda kayan mutane suke jibge, gobe kuma a shiga da ita gidajen biki. Na buɗe kwalin, na zare ledar, na sa ƙusa a wuta. A kusurwar murfin na yi, ƙanana, da bisimilla. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Abin da mai shago ya ce game da ƙwarzane bai ko faɗo mini a rai ba, don a wajena alama ba lahani ba ce.

Na mayar da ita kwali na kai mata ɗaki. Ta shigo da yarinya a kafaɗa, ta ga kwalin, ta tsaya. Ta juya shi ta karanta ƙananan rubutun da ke gefe. Ta daɗe tana karantawa, fiye da yadda rubutun yake buƙata.

“Inna, kin nuna masa takardar?”

“Na nuna.”

“Babu irinta?”

“Akwai. Tsohuwa ce, a fashe.”

Ta ajiye kwalin a kan gado. Sannan ta ce, “Sannu da hanya, Inna. Allah ya saka da alheri.” Ta kwantar da yarinyar. Ta ce, a hankali, kamar mai gudun kar ta taka ni, “Ba komai. Tunda sabuwa ce ba a taɓa ba, za su karɓa su ba da waccan.”

Ta zaro ta daga kwalin. Yatsanta ya hau kan ɗigon kafin idonta ya gani. Ta san alamar, da ita ta tashi, tana gindin kowane kwano da ta taɓa cin tuwo a ciki.

Ta ce bari ta gwada tukuna. Kwana biyar ta gwada. Kowace safiya ni nake kai ta shagon caji a bakin tasha, in karɓo da hantsi, don wutarmu sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Ta sa katin, ta buɗe manhajar da suke aiki da ita da marigayin. Ina zaune a bakin ƙofa ina ɓarar gyaɗa ina leƙe. Amarya ta bayyana, kyakkyawa, har ƙyallin duwatsun goshinta ana gani. Ta ɗaga hannu za ta gyara lulluɓi, sai hannun ya tsaya a sama. Guɗa tana ta tafiya ita kaɗai. Can sai hoton ya yi tsalle, amarya har ta zauna. Ya sake tsayawa a kan wata tsohuwa baki buɗe.

Ta cire wannan manhajar ta sa wata mara nauyi, ta kyauta, da wani abokin mijinta ya turo mata. Ita ma haka, sai dai tsayuwar ta ɗan ragu. Ta ce akwai dabara, a yi wa kowane hoto ƙaramin kwafi mai sauƙi a yi aikin da shi, in an gama a mayar da na ainihin. Ta sa kwamfutar ta yi. Daga hantsi har azahar kwamfutar tana abu ɗaya, ta yi zafi kamar kaskon suya, na kawo maficina ina yi mata fifita, 'yata ta dube ni ta yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo. Da ta gama ranar kamu kaɗai, sai ta rubuto cikinta ya cika. Saura kwana biyu na biki ba a taɓa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryarsa. Mai ɗauka ba a ganinsa, amma ana jinsa a bayan kyamara. “Hajiya, a ɗan matso. Yauwa. Amarya, a ɗago kai mana, ba sata kika yi ba.” Mata suna dariya. Sai kwamfutar ta kama maganar ta daddatsa, ta tsaya a tsakiyar kalma, ta maimaita, ta tsaya. 'Yata tana mayarwa baya tana sake saurara, wai tana neman wurin yanka. Na san ba wurin yanka take nema ba. Yarinyar ma, da ta ji, sai ta saki nono ta juya tana neman mai maganar.

Ranar ta biyar ta haɗa ɗan guntun kamun da ƙyar, ta sa shi ya fita a matsayin bidiyo guda. Wani layi yana cika a hankali a allo. Muka zuba masa ido mu biyu, tuwo na kan wuta na manta da shi. Ya wuce rabi kaɗan batir ya mutu. Ta rufe murfin, ta ɗora hannu a kai.

Rana ta shida na koma Kano. Mai shagon ya gane ni tun daga nesa, fuskarsa ta nuna ya san abin da ya kawo ni. Ya buɗe kwalin, ya juya ta, babban yatsansa ya tsaya a kusurwa.

“Mama! Tsagar gado kika yi mata?”

Yaran shagon suka fashe da dariya, ya daka musu tsawa. Na ce alama ce, don kar ta ɓata.

“Ai kuwa ba za ta ɓata ba. Ba mai ɗauka.” Ya sauke murya. “Mama, ki yi haƙuri. Wa zan sayar wa sabuwa da ƙunar wuta? In na karɓa, a ta hannu zan karɓa, ta hannun ma mara ƙarfi. Abin da zan ba ki ba zai kai ki ko'ina ba.”

Na ce baƙar fa?

“Kwana biyu da tafiyarki wani mai ɗaukar bidiyo ya saye ta. Ko ciniki bai yi ba.”

Ya ce wasu za su zo, amma kaya kullum tashi suke. Ya saya mini ruwan leda, ya sa aka raka ni bakin titi. A motar dawowa kwalin yana cinyata kamar wancan karon, amma na lulluɓe shi da mayafi, ba na son kowa ya sa albarka.

Watan bai cika ba uwar amarya ta dawo. Wannan karon muryarta ba ta riga ta shigowa ba. Ta zauna ta ce a nuna mata inda aka kai. 'Yata ta kunna mata. Matar ta kalli 'yarta tana tsayawa tana tsalle, ta kalli ƙanwarta an kama ta ido ɗaya a rufe.

“Wannan ai kamar masu aljanu,” ta ce, sannan ta kama bakinta. “Yi haƙuri, 'yata. Ba ke nake nufi ba.”

“Na sani, Hajiya. Kwamfutar ce ba ta da ƙarfi. In kin ƙara mini lokaci…”

“Har yaushe?”

'Yata ta sunkuyar da kai ta tsayar da bidiyon.

Matar ta ce dangin ango sun fara magana, wai an cinye musu biki. Akwai wani a Kano da zai yi a kwana uku. Ta ce ita ba ta ce 'yata ba ta iya ba, Allah ya sani, amma ido abin da ya gani yake faɗa. Maganar bikin bayan sallah kuwa ba ta tayar ba, mu ma ba mu tayar ba.

'Yata ta roƙi a ba ta minti kaɗan. Ta goge duk aikin kwana biyar ɗin don ta sami wuri, ta kwafi guntu ɗaya, inda yake cewa amarya ta ɗago kai. Shi kaɗai ta ajiye. Ta zare katin, ta naɗe shi a takarda, ta miƙa da hannu biyu. Matar ta ƙulle shi a bakin zane, ta ajiye wa yarinya sabulu biyu, ta yi sallama. Na raka ta zaure. Ta ce mini, “Yaya, da kun sayi mai ƙarfi.” Na ce haka ne.

Da na dawo na tarar ta mayar da kwamfutar kwali ta tura ƙarƙashin gado. Kyamarar kuma ta naɗe ta a cikin wata rigarsa ta sa a ƙasan akwati. Ta fito ta zauna kusa da turmi, ta ɗebi tunkuza ta fara murzawa a tafin hannu. Bai yi kyau ba, yana karyewa.

“Inna, ki koya mini yadda kike yi ba ya karyewa. In na fita takaba sai mu riƙa yi tare.”

Shekara talatin ina wannan sana'ar, na san abin da ta yi wa bayana da idona, na san abin da take kawowa. Na so yarinyar nan ta wuce bakin kaskon nan. Ta ma wuce, ni na dawo da ita.

Na ce, ina kallon ƙasa, “Ni na ɓata miki.”

Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Ta ci gaba da murzawa. Ta ce, “Sabuwa kika so mini, Inna. Na gane.” Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari ranar kasuwa ce. Bayan na yi sallar asuba na hau kujera na sauko da kwanukan jerena da suka rage, waɗanda ban taɓa cin abinci a ciki ba tun aurena, da babbar tukunyar da nake ba da aro a gidajen biki. Na wanke su da toka ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na kifa, ɗigo ukun nan suna gindinsa, na san dillaliya za ta gani ta rage. Na san kuma ko ba ta rage ba, ba za su kai ko kusa da kuɗin irin baƙar kwamfutar nan ba, kuma katin ya riga ya tafi. Na jera su cikin tukunyar duk da haka. Takardar mai layi huɗu tana cikin littafina na yaƙi da jahilci, na ciro ta, na sake karantawa da yatsa, na ninke na sa a kwanon sama na rufe. 'Yata tana shayar da yarinya, ta bi ni da ido ta ƙofa ba ta tambaya ba. Na naɗa gammo, na ɗora, na fita.